Safiya Tara a Cikin Hayaƙin Delhi

Wata huɗu ke nan da dawowarmu, amma har yau in na je suna ko biki a Tudun Wada sai wata ta ja ni gefe. "Sauda, ke kam kin hana mu labarin Indiya. Da gaske furanni ne ko'ina? Kin ga inda suke rawar?" Sai in ce lafiya lau, in shiga neman takalmina. Ban ga laifinsu ba, ni na saba musu. Tun muna 'yan mata ni ce mai jakar littattafan soyayya, ni nake karanta musu a ɗakin Innata, in an zo wurin rabuwa ni ce ta fara kuka. Shekaranjiya ƙawata Hadiza ta ce in ba zan faɗa da baki ba, to in rubuta. Ga shi na rubuta, kowa ta karanta sau ɗaya ta ƙyale ni.

Wadda ba ta san mijina ba, to ta san muryarsa. Malam Habibu malamin firamare ne, kuma shi ne ladanin masallacin layinmu tun kafin aurenmu. Muryar na fara so kafin in ga mai ita. Yana da dogon numfashi, in ya ɗauko "hayya alal falah" sai in ajiye abin da ke hannuna in jira in ji inda zai sauke. Da muka yi aure sai na tarar mutumin kirki ne, amma ba irin na littafi ba. Shekara goma sha ɗaya, 'ya'ya uku, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Sauda. In za mu unguwa yana gaba ina baya, kamar waɗanda suka haɗu a hanya.

Bara ya fara haki in ya hau matakala. Aka yi ta gwaje-gwaje, daga ƙarshe likitoci suka ce wata ƙofa ce a zuciyarsa ba ta rufuwa daidai, sai an yi aiki. 'Yan'uwa da jama'ar masallaci suka haɗa hannu aka nema mana asibiti a Delhi. Zan faɗi gaskiya ko da za ku zage ni. Na tsorata ƙwarai, amma can ƙasan tsoron akwai wani ɗan daɗi da yake motsi. Indiya! Ni da shi kaɗai, babu yara, babu maƙwabta. Na sa leshi biyu a akwati, da ƙaramin kaskon lantarki, da kwalbar turaren wuta da Inna ta sa aka haɗo mini na musamman.

Muka kai yara gidan Inna a Hanwa, muka shiga motar Abuja a Kwangila. Direban mai surutu ne. Da ya ji inda za mu sai ya ce, "Malam, ka kula fa, kada su sa ka rawa a kan dutse." Duk motar aka yi dariya, Malam ya murmusa ya ci gaba da jan carbinsa. Jirgi bai ba ni tsoron da na zata ba, sai kunnena da ya toshe tun daga Abuja har Addis Ababa, inda muka yi zaman jiran wani jirgin a kan kujerun ƙarfe masu sanyi.

A filin jirgin Delhi muka daɗe a layi. Jami'in ya duba fasfo da katin rigakafi, na tambaye shi ko shi ke nan, sai ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ce wa Malam, "Ya hana mu." Muna tsaye cirko-cirko har na bayanmu ya tura mu gaba. Ashe su haka suke cewa to. A wurin duba kaya aka karɓe kilishin da na ɓoye cikin zane. Da mutumin ya zo kan kwalbar turare sai ya buɗe ya shinshina, ya lumshe ido, ya mayar mini da hannu biyu. Na yi ta murna. Da na sani, da kilishin ya bar mini ya riƙe kwalbar.

Da safe muka fito. Farkon watan Nuwamba ne, ana ɗan sanyi. Ban ga gari ba. Wani fari-fari ne ya lulluɓe komai, motoci suna fitowa daga cikinsa da fitilu a kunne suna komawa. Rana tana sama kamar tsohon faranti na jan ƙarfe, kana kallonta ido buɗe ba ta yi maka komai. Na taɓa hannun rigarsa na ce, "Malam, ka ga gajimare ya sauko ƙasa ya tarbe mu." Ya buɗe baki zai amsa, tari ya riga shi. Akwai wari a iskar, irin na bayan mahauta in ana babbaka da tsohuwar taya, kuma idona yana ɗan yaji. Na ga mutane da takunkumi a fuska, na ce a raina waɗannan har yanzu ba su manta da korona ba.

Masaukinmu wani gida ne mai hawa uku kusa da asibitin, da ake ba marasa lafiya baƙi haya. Mai gidan wata tsohuwa ce da jan ɗigo a goshi. Abu na farko da ta nuna mana da hannu shi ne ba a shigo mata da nama. Abincinsu kuwa, wani ɗan wake ne da ake dama shi kamar miya, da shinkafa, da gurasa marar kauri. Ga yaji ga ƙamshi, amma bayan kwana uku sai ka fara mafarkin tuwo. Shanu suna yawo a titi ba makiyayi, mota ce take kauce musu. Shayi da madara ake sayarwa a ɗan kofin yumɓu, in ka shanye ka jefar ya fashe. Na farko da na sha, sai da na wanke kofin na mayar wa mai shayin, ya yi ta dariya.

Ina shanya a baranda ranar farko na ji an ce, "Baiwar Allah, daga wace unguwa?" Na waiga na ga wata mata mai jiki da ɗaurin ɗankwali irin na Inyamurai.

"Daga Zariya," na ce.

"Na ji a bakinki ai. Unguwa na tambaya."

"Tudun Wada."

"Kai! Ashe 'yar gida ce. Ni Sabon Gari aka haife ni, shagona na kwanuka yana nan cikin kasuwa. Maman Chika suke ce mini. Ciro kayan nan, ba a shanya a waje a garin nan, sai dai in baƙin zane kike so."

Mijinta ta kawo, ciwon ƙoda, watansu biyu. Ita ta nuna mini inda ake samun kuɓewa da inda ake sayar da kaza a ɓoye wa tsohuwa. Kwana biyu da zuwanmu aka kwantar da mijin nata, ta tare a asibiti wurinsa, muka daina haɗuwa. Da tana gidan, da abin da ya faru bai faru ba.

A ɗakinmu akwai wata na'ura fara a kusurwa, tsayinta ya kai gwiwa, tana gurnani ba dare ba rana da 'yar jar fitila a goshi. Iska take hurowa. Na ce ana wannan sanyin wa yake son fanka? Na zare wayarta daga bango na sa ta kaskona a wurin. Na shimfiɗa mata ɗan kyalle mai fure, na ɗora fulas da kofuna. Ta yi kyau sosai.

Aikin ya yi nasara, alhamdu lillahi. Kwana takwas aka sallame shi, da dogon ɗinki a ƙirji da 'yar matashiya da yake rungumewa in zai yi tari. Aka ce mu zauna mako uku a gari ana duba shi. Ranar sallamar, lokacin da likitar take masa bayani, ni ina ƙasa wurin karɓar magani. Da na dawo na tambaye shi me ta ce.

"Ta ce in riƙa tattaki kullum, kada in kwanta da yawa."

"Shi ke nan? Ai akwai lambu a bayan layinmu, na gani. Mu riƙa zuwa bayan asuba, lokacin iska tana da kyau."

Ya ɗago ya kalle ni. Na ce, "Ni da kai kawai, Malam." Ya ce, "To."

A makon ne suka yi bikinsu na fitilu. Kwana biyu ana fasa abin wuta kamar ana yaƙi, kowane gida, kowane lungu. Washegari farin nan ya koma ruwan toka, ya yi kauri har ba ka ganin ƙarshen layi. Iska kuwa ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. A wannan safiyar muka fara fita.

Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ban taɓa ganin abu mai kyau kamar lambun nan ba. Bishiyoyi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana zana su a gabanka. Ba kowa, sai mu. Na ce ashe marubutan nan ba ƙarya suke ba, akwai irin wannan wuri a duniya. Da muka zo wani ɗan tudu sai ya miƙo hannu don in taimaka masa, da muka wuce tudun bai saki ba. Ni ma ban saki ba. Shekara goma sha ɗaya! Na ji kamar in yi kuka, sai na ɓige da dariya.

Asibiti sun ba shi takunkumi, yana sa shi. A safiya ta uku na ce, "Don Allah cire abin nan in ga fuskarka, mu yi hoto." Ya cire, na ɗauke mu. Ya sa shi a aljihu, bai ƙara fito da shi ba. Wani tsoho da ya wuce mu da nasa takunkumin ya tsaya yana nuna ƙirjin Malam yana nuna sama yana magana da faɗa-faɗa. Na ce, "Ka ji tsoho da kishi."

Alamu sun zo, ni ce ban karanta su ba. In na yi alwala na shaƙa ruwa na fyace, baƙi yake fitowa. Farin hijabina ya yi dauɗa a gefen fuska cikin kwana biyu. Tarin Malam ya ƙaru, yana rungume matashiyarsa har jijiyar wuyansa ta tashi. In na tambaya sai ya ce sanyi ne. Ni kuwa sai na yi abin da Inna ta koya mini game da ɗakin majiyyaci. Da safe in za mu fita in buɗe tagogi duka don iskar safe ta shiga. Da magariba in rufe ko'ina ruf, in kunna kasko in zuba turare don in kashe warin garin, har ɗakin ya yi luf. In kalle shi ta cikin hayaƙin yana jingine da filo, in ji ni ce matar da ta fi kowa iya kula da miji.

Safiya ta tara muna dawowa, yana tafiya yana tsayawa, muka yi kiciɓis da Maman Chika a bakin ƙofa, ta zo ɗaukar kayan sawa. Ta sauke takunkuminta ta dube mu.

"Daga ina?"

"Lambu. Likita ta ce ya riƙa tattaki."

"Yanzu? Da sassafen nan? Sauda, kashe shi kika zo yi?"

Ban taɓa jin an yi mini magana haka ba. Kafin in ce wani abu ta kama hannunsa ɗaya, muka hau da shi. Tana shiga ɗakin ta tsaya. Ta dubi tagogi a buɗe, ta dubi kasko, ta ɗaga kyallen nan mai fure.

"Yesu! Wannan kika mayar teburin shayi? Ita ce take tace iskar ɗakin! Tun yaushe take a kashe?"

"Tun ranar da muka zo."

Ta watsar da kofunan a kan gado, ta fizge wayar kaskona ta mayar da ta na'urar, ta rufe tagogi. Sannan ta ciro wayarta ta nuna mini taswirar garin. Ta ce kullum da safe kowa a nan wannan yake fara dubawa kafin ya gaida uwarsa. In kore ne, lafiya. In ja ne, a yi hankali. Na ranar ya wuce ja, ya koma kamar busasshen jini.

"Abin nan da kike gani ba gajimare ba ne, ƙanwata. Hayaƙin motoci ne da na masana'antu, da na manoman da suke ƙone karan gonakinsu a wannan watan, ga kuma na bikin nan. In sanyi ya shigo iska ta tsaya, sai ya zama kamar an kifa wa garin murfin tukunya. Da asuba murfin ya fi sauka ƙasa, sai rana ta yi zafi yake ɗan ɗagawa. Kuma ƙanana ne ƙwarai, ba sa tsayawa a hanci. Can ciki suke wucewa su zauna. Mai lafiya ma yana ji, balle wanda aka tsaga wa ƙirji."

Na juya in ce wa Malam ka ji, sai na ga leɓɓansa sun yi toka-toka, yana jan numfashi kamar mai shan kunu da tsinke.

A keke napep muka kai shi, Maman Chika tana yi wa direban ihu da Hausa shi kuma yana kaɗa kai yana kutsawa. Aka sa masa abin iska a hanci, aka shiga da shi inda ba a barin kowa. Huhunsa ya kumbura, ciwo ya shiga. Da likitar ta fito, wata siririyar mace mai furfura, ta yi mini magana a hankali da Turancin da zan gane. Ta ce ranar sallama ta gaya masa ya yi tattakinsa a cikin gida, a baranda mai rufi ko a ɗaki. Ta ce ta hana shi fita da safe, ta maimaita har sau biyu, ya ce ya ji. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ni ina kan benci a bakin ɗakin, kuma a nan na ga garin da gaske. Benen cike yake da masu tari, tsofaffi da jarirai, ana ta shigo da su. An rufe makarantu. Motocin ruwa suna bin titi suna fesawa sama, abin yana sauka ya sake tashi. Kowa in ya zo taga sai ya ɗaga kai. Mu a gida ruwa muke roƙo don gona, su a nan iska suke jira ta kaɗa don su numfasa. Akwai wata mai sharar titin gaban asibitin, kullum ina ganinta ta taga da gefen mayafinta a baki. Mu baƙi ne, muna da tikitin komawa. Ita fa?

Rana ta bakwai aka ɗan yi yayyafi, iska ta biyo baya. Da na leƙa sai ga sama shuɗiya, ga wani ƙaton gini mai ƙubba a tsallaken titi, wanda na yi kusan wata ina wucewa ban san yana nan ba. Ma'aikatan jinya suna fita baranda suna ɗaukar hoton sama. Kwana biyu, murfin ya sake rufewa.

A ranar shuɗin saman ne aka bar ni na zauna kusa da shi. Ya rame, robar tana hancinsa. Na yi niyyar ba zan tambaya ba, amma bakina ya ƙi.

"Malam, likita ta hana ka. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Maganarsa guntu-guntu take fita, yana hutawa a tsakani.

"Na ga kin sa rai."

"Sai ka biye mini? Kai da kake da ilimi?"

"Na ce kwana ɗaya ne. Sai na ji kina dariya." Ya huta. "Sauda, a gida ban iya ba. Na san abin da kike karantawa. Ban iya ba. Nan na ga ba wanda ya san mu."

Na kifa kaina a gefen gadon. A littafi, nan ne wurin da nake karanta wa su Hadiza sau biyu. Ni a ranar ba abin da na ji sai ƙarar na'urar da take ba shi iska.

Ranar da za mu taho na bar wa tsohuwa mai gida kaskon da sauran turaren, ta karɓa tana murna, ta ce za ta kunna wa abin bautarta. Maman Chika ta raka mu har mota. Nata mijin yana nan a kwance. Ta ce, "In kin je ki shaƙo mini iskar Zariya. Kuma in na dawo ki zo shago, kada ki ce kunya." Na je sau biyu, har yanzu ƙaninta ne a shagon.

Da muka sauka a Kwangila na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata: hayaƙin babura, na manyan motoci a ƙarƙashin gada, na bolar da aka cinna wa wuta a bakin kwata. Na ciro takunkumi na miƙa masa, ya sa ba musu.

Zuciyar ta gyaru, likitocin nan ma sun tabbatar. Huhun ne ya yi tabo. Sun ce wataƙila ya washe da lokaci, wataƙila kuma haka zai zauna. Ya koma makaranta, yana koyarwa a zaune. Wata biyu da dawowarmu ya ce zai gwada kiran la'asar. Ina tsakar gida da tsintsiya na ji muryar ta taso, ita ce dai, ba ta canja ba. Ya wuce shahada lafiya. Da ya zo "hayya alal falah" ya ɗauko ta kamar da, na ajiye tsintsiyar ina jira. A tsakiya ta yanke. Lasifikar ta kawo tari har layi na uku, sannan wani ya karɓa ya ƙarasa. Da ya shigo gida na ɗauki tsintsiyata na ci gaba da shara. Tun ranar wani ne yake kira.

Masu cewa gidana ya daina ƙamshi, kun ji dalili. Masu tambayar hoto kuma, guda ɗaya ne, na safiya ta uku. Na nuna wa Hadiza shekaranjiya kafin ta san labarin. Muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, hannunsa cikin nawa, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, bayanmu fari fat. Ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wayyo Sauda, kamar a mafarki. Wannan farin na bayanku mene ne?"

Na ce mata shi ne muka taho da shi a ƙirjin Malam.